Siririyar Wayar Bayan Rumbu: Ga Yazid Baƙo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Yazid Baƙo, teknisiyen da ya shimfiɗa wayar tele a unguwarmu a nan Filinge. Hawan jini ne ya kwantar da shi kwana tara. Ni Mushe Umaru, tsohon malamin makaranta, abokinsa ne tun muna samari. Na ɗauki alƙalami don in yabe shi, kuma don in faɗi abin da na ɓoye masa har aka sa shi a kabari.

Yazid, kai ka fara kafa babbar anten guda a bayan shagonka, ka ja waya daga poto zuwa poto, wato turakun waya, gidaje suka ga tele ba tare da kowa ya kafa tasa ba. Da ka dawo daga horo a Yamai ka ce wannan wayar za ta iya kawo intanet, dariya muka yi maka. Ba a yi shekara ba 'ya'yanmu suna cike takardun jami'a daga ɗaki, masu dabbobi suna tura hoton shanu ga dillalai kafin kasuwar Lahadi.

Abu ɗaya ne ba ka da sassauci a kansa, ƙa'idar aiki. Akwai wani littafin Faransanci da ya sha hannu har bangonsa ya tafi, a ciki aka rubuta kaurin waya, da nisan da za ta yi kafin a sa mata ampli mai ƙara mata ƙarfi, da yadda ake ɗaure bakinta. Ka sha yi mini bayani. Tele saukowa kawai take yi, amma intanet tana zuwa tana komawa, kuma hanyar komawar ɗaya ce ga unguwa duka. In gida guda ya yi mugun haɗi, ƙarar da ta shiga ta nan sai ta bi waya ta lalata wa kowa. Ka ce kamar rijiya ce da mutum ɗaya ya jefa ƙazamin guga. Na ji, na gyaɗa kai, a raina ina cewa tsananin Yazid ya yi yawa.

Amma mai tsananin nan shi ne ya haɗa wa ɗakin haihuwa na likita, wato asibiti, waya a ranar Salla, da sababbin kayansa a jiki. Shi ne yake zama ya koya wa tsofaffi inda za su taɓa, sau goma, bai taɓa ɗaga murya ba.

Ga laifina. Surukata, Hajiya Maryam, tana zaune gidan ɗanta Ali, can bayan gidana da tazarar fili biyu. Autanta yana Abijan shekara shida, tana son ganin fuskarsa. Na roƙe ka ka kai musu. Ka auna, ka ce nisan ya wuce ƙa'ida, sai an kafa poto an sa ampli, a jira bayan damina. Na ji haushi. Na sayi siririyar waya a kasuwa, na tsaga tawa da wuƙa a cikin gida, na murɗa su da hannu, na bi da ita ta bayan rumbu, na kai modem ɗina gidan Ali. Tsohuwa ta ga ɗanta, ta yi kuka, ta sa mini albarka. Na dawo gida ina jin ni wani ne.

Cikin mako guda rezo, wato intanet ɗin, ya fara yankewa a unguwa. Ka bi layi da na'urar awonka a wuya har ka gano ƙarar daga reshenmu take fitowa, gidaje shida. Biyar ka nemi izini ka shiga, ka duba kowane haɗi. Da ka zo nawa, a zaure ka tsaya, don ba ka taɓa wuce zauren aboki ba in ba dole.

"Mushe, ba a taɓa komi cikin gida ba?" ka ce.

"Wa za shi taɓawa? Yadda ka bar ta haka take," na ce.

Ka ce to, ka sha ruwa, ka tafi. Ba ka sake tambayata ba.

Wata bakwai kana neman abin da ke bayan rumbuna. Ka sauya wayar reshen gaba ɗaya. Ka hau potuna cikin zafin bazara, kana da shekara sittin da ɗaya, ina zaune ƙarƙashin itacen bedi ina kallonka. Mutane suka fara cewa hannun Yazid ya tsufa, wasu suka cire wayarka suka jefo maka a ƙofar shago. A gabana aka faɗa, ban ce uffan ba. Kullum ina gaya wa kaina cewa waya ɗaya siririya ba za ta yi wannan ɓarna ba, alhali na san bayaninka kalma da kalma. Kunyar surukata ta hana ni yankewa, kunyarka ta hana ni faɗa. Tsoro ne da girman kai, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Washegarin jana'izarka, da hantsi, na ɗauki almakashi na yanke ta. Kafin la'asar rezo ya dawo garau a unguwa duka. A ranar ne kuma Nafi'u, teknisiyen da ya zo daga Yamai don ya karɓi aikin, ya sauka a tasha. Sai gari ya ɗauka cewa sabon hannu ne ya gyara cikin yini ɗaya abin da ya gagare ka. Nafi'u yana rantsuwa ko akwatinsa bai buɗe ba, babu mai saurarensa. Na so in rage laifina, sai na ƙara ɓata maka suna.

Na je na faɗa wa matarka Habsa, tana takaba, ina tsugune a waje. Sai ta ce, "Shi da kanshi ya kira Nafi'u kafin ya kwanta. Ya ce mini idonshi ya mutu, shi ne yake cutar mutane. Da wannan ya tafi, Mushe."

Don haka nake rubutawa, mutanen Filinge su sani. Aikin Yazid Baƙo daidai yake tun daga shagonsa har poton ƙarshe. Duk wanda ya yi masa mugun zato, ni na jawo, ya janye maganarsa a inda ya faɗe ta.

Ya Allah Ka jiƙan Yazid, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa duk poton da ya hau a kan ƙaryata ya zama nauyi a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Habsa, da 'ya'yansa Basiratu da Abdulrazak, da 'yan uwa na Tabla, Allah Ya ba su haƙuri. Ban roƙe su gafara don na cancanta ba, na roƙa ne don wanda ya kamata in roƙa ba ya nan. Ku yi masa addu'a. In kun gama da saura, ku sa ni a ciki.