Kafiretar Motar Baba

Motar da Baba ya rasu ya bar mini ta tsufa, amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Da ita nake zuwa Islamiyyar da nake koyarwa a Gwarzo, da kaka kuma ita ke kwaso mini masara daga gonarmu ta Sabon Birni. Wata damina sai ta ɓullo da sabon hali. Muddin ina gudu lafiya lau, amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai injin ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya yi tari, ya mutu. Masu gyara suka ce silo ne ya lalace, wato ba ta iya tsayawa a kunne ita kaɗai.

Na canza fulogi, na wanke matatar mai, ba abin da ya sauya. Sai maiɗakina ta ce, "Malam, ga Kawu a Kabo, duk garin an san shi da gyara, za ka tsaya kana wahala?"

Kawun nan ƙanin mahaifiyarta ne. Na kai masa motar, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi yara da damina, sannan ya buɗe bonet ya kasa kunne.

"Kafireta ce," in ji shi, yana nuna na'urar da ke haɗa mai da iska a injin. "Bar ta nan, Malam, ai ta zo gida."

Da na koma ɗauka, karkarwar ta tafi, amma injin ihu yake ko a tsaye. Hayaƙi baƙi ƙirin daga salansa, mai kuwa kamar ana zubarwa a ƙasa. Na ja motata na tafi, don suruki ba a ja masa magana.

Ranar da na ɗauki Inna, mahaifiyata, zuwa ta'aziyya Durun, a tsakiyar gonaki motar ta mutu murus, ga yayyafi. Inna da ciwon gwiwa ta fito ta zauna gindin ɗorawa, ta lulluɓe da mayafi tana jan carbi. Wani direban akori-kura ya tsaya ya taimaka muka tura ta tashi. Ya sunkuya kan injin, ya ce in saurara. Can na ji wani siririn huci. Ashe wani ɗan tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska, shi ne duk ciwon tun farko. Ya naɗe shi da roba. Ya kuma nuna mini inda aka murɗa sukurun silo har ƙarshe don a ɓoye karkarwar.

A nan idona ya tsaya kan kafiretar. Tamu na san ta kamar tafin hannuna, don tun ina saurayi nake riƙe wa Baba ita yana wankewa da fetur. Wannan wata ce daban, tsohuwa, an ɗaure gefenta da waya, mai na tsatsa daga gindinta.

Washegari na nufi Kabo. Na tarar da Kawu a kan benci yana cin gyaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, kafiretar da ke motata ba tawa ba ce."

Ko gezau bai yi ba. "E, haka ne. Wani Alhaji ne ya zo da irin motarka, tafiya ta kama shi, na sa masa taka. Shi baƙo ne, kai kuwa ɗan gida."

Ɗan gida! Wato don ina auren 'yarsu shi ya sa kayana suka zama na rabo. Da sace ta ya yi ya ɓoye, da na ce ya san abin kunya ya aikata. Amma ya faɗa yana ɓare gyaɗa, kamar ya ari tabarma.

"Kawu, uwata fa ta zauna cikin ruwa a daji saboda wannan. Kuma kafiretata lafiyarta ƙalau, tiyo ne ya fashe, ko dubawa ba ka yi ba!"

Muryata ta tashi, masu shago suka leƙo. Shi ke nan, laifi ya koma kaina. Kafin in iso Gwarzo labari ya riga ni: malamin Islamiyya ya je ya ci mutuncin surukinsa a bainar jama'a. Mahaifin maiɗakina ya aiko a kira ni. Yayana ya ce, "A kan ƙarfe za ka ɓata zumunci?" Ba wanda ya tambayi yadda gwiwar Inna ta kwana. Ba wanda ya ce wa Kawu ya dawo da abin da ya ɗauka.

Ni aka tasa gaba har Kabo. Na cire takalmi, na durƙusa, na ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce ya yafe mini duniya da lahira, har da yi mini nasiha kan illar fushi.

Alhajin nan ban taɓa sanin ko waye ba. A Kano na samo wata kafireta ta hannu, wani bakanike a Gwarzo ya ɗaura, ya sa sabon tiyo, motar ta kwanta luf. Maiɗakina ta daɗe ba ta iya haɗa ido da ni in an ambaci mota, ita da ba ta yi komai ba. Kawu kuwa duk Sallah sai ya zo, a shimfiɗa masa darduma a zaurena, a kai masa cinyar kaza, in zauna a ƙasa ina amsa masa da "ranka ya daɗe".