Ƙafafun Raƙumin Dawa

Mun tashi daga tashar Wadata ta Yamai ana idar da sallar asuba, a matse cikin motar Dosso, gwiwata a kan buhun albasar wani. Kowa da abin da ya fito da shi, masu biki da masu kasuwa. Ni kaɗai ne mai zuwa kallon dabba, kuma ban gaya wa kowa ba, don kada a yi wa furfurata dariya.

Shekara talatin ke nan ina ɗinka hoton raƙumin dawa da zare a shagona na unguwar Maourey, a jikin jakunkuna da mayafin tebur da baƙi ke saye wajen otal ɗin Gaweye. Kwalin da nake fitar da zanen da shi, wurin marigayi maigidana na gaje shi. Amma ban taɓa ganin dabbar da ranta ba, alhali Kouré ba ta kai tafiyar awa biyu ba. Yanzu baƙi sun ɗauke ƙafa, abokin zamana ya naɗe keken ɗinkinsa ya koma Maradi, shagon ya yi mini faɗi. Sai ga likita ya ce hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama ma ba lalle ya kai damina mai zuwa yana zura zare a allura ba. Wannan maganar ce ta sa ni mota.

Kwalta lafiya lau, in ban da shingen jandarmomi, inda aka sauke mu kowa ya nuna kati. A nan na sayi kwaɗon zogale na dala ashirin wurin wata Bazabarma, wadda ba ta tausaya wa kowa wajen barkono. A Kouré ni kaɗai na sauka. Motar ta wuce, shiru ya rufe ni.

Mai rakiyar masu zuwa kallon raƙumin dawa na same shi kwance a gindin aduwa da rediyonsa, magidanci ne mai ƙarancin magana. Ya ce ya kwana biyu bai ga baƙo ba. Muka shirya a jikka biyar har da babur, muka kutsa cikin gonakin da aka gama girbe. Wani manomi da muka tsaya tambaya ya yi ta mita: ya ɗora harawarsa a kan itace don gudun awaki, dogayen suka zo suka same ta daidai bakinsu, kamar an ajiye musu akushi.

Rana ta take kafin mai rakiya ya kashe babur, ya nuna da hannu ya ce ga shi can. Na duba, na goge tabarau, na sake dubawa. Itatuwa kawai nake gani cikin hazo. Na ce a raina ashe na makara. Na gaya masa gaskiyar idona, abin da ko 'ya'yana da ke Kwatano ban gaya wa ba tukuna.

Ya kama hannuna muka taka a hankali har ƙaya ta fara kama mini riga.

"Baba, tsaya nan," in ji shi. "Bar neman shi da ido. Jira shi motsa."

Na tsaya. Can sai ɗaya daga cikin itatuwan ya ɗaga kai.

Tsohon namiji ne, zanen jikinsa ya yi duhu. Ya dube ni daga sama yana tauna, bai damu ba. Na tambayi ina sauran, mai rakiya ya ce in sun tsufa haka su kaɗai suke yawo. Ban ƙara tambaya ba, don maganar ta taɓa ni.

Sai ya fara tafiya, ni kuwa idon tela ya tafi ga ƙafafu. Na dama biyu suka tafi tare, sannan na hagu biyu, irin tafiyar raƙumin gida. A kwalin maigidana kuwa ƙafafun a saɓe suke, kamar na jaki mai sassarfa. Wato shekara talatin ina sayar wa duniya jaki mai dogon wuya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma hawaye, don wanda ya kamata mu yi ta tare da shi yana kabari, ɗayan kuma yana Maradi.

La'asar ta yi mini a Yamai. Ban wuce gida ba, shago na buɗe. Na rataye tsohon kwalin a ƙusa, na yanka sabo. Tafiyar ta koya mini cewa mutum na iya ƙwarewa a kan abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba, kuma ranar dubawar ba ta jiran kowa.

Kwana huɗu na yi a kan raƙumi ɗaya, zura zare kawai na cin rabin safiya. Jiya wata mata ta taya shi, na ce ba na sayarwa ba ne. Ta ce ai duk iri ɗaya ne da sauran. Da ta tafi na rufe idon dama, na bi ɗinkin da yatsa, don in saba tun yanzu. Ƙafafu biyu a gefe ɗaya, suna tafiya tare.