Tarko Huɗu da Ƙwan Zabin Gwaggo

A daminar da ciwo ya share wa Gwaggo kajinta, ta taso daga Ibeto a bayan babur, rungume da ƙwarya cike da ƙwan zabi a cikin dusa. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kaza ake sa wa ƙwan, ga shi ba kaza ko ɗaya. Zabin da suka rage mata duk sun tsufa. In waɗannan ƙwai suka lalace, irin da ta yi shekaru tana kiwo ya ƙare ke nan.

Lokacin ina koyar da lissafi a Kontagora, ƙarshen shekarun casa'in, kuma yayana ya bar mini tsohuwar kwamfuta. Ni da wani kafinta muka haɗa akwatin ƙyanƙyasa, da ƙwan lantarki a ciki da batirin mota saboda ɗaukewar wuta, na rubuta wa kwamfutar firogiram ɗin da ke kula da shi. Na cika gari da baki a kan akwatin nan, shi ya sa labari ya kai Ibeto.

"'Yar nan, wannan talabijin ɗin ce za ta yi mini kwanci?" in ji Gwaggo.

Na ce mata ta fi kaza hankali. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta shimfiɗa tabarmarta a gefensa. Ba ta da niyyar komawa gida.

Firogiram ɗin yana aiki biyu a lokaci guda, kowane aiki da hanyarsa, abin da masu sana'ar ke kira zare. Zare ɗaya yana duba zafi, ya kunna ƙwan lantarki ko ya kashe. Ɗayan yana tashi lokaci-lokaci ya karkata farantin ƙwai, ya gama ya ɓace. Ana cikin haka na lura lambar zafin da na saita tana canzawa da kanta. In gyara da safe, kafin azahar ta sauka. Na ɓoye damuwata, don Gwaggo tana karanta fuska fiye da likita.

Akwai manhajar farautar kuskure, dibaga. Da ita kana iya ɗana tarko a kan wuri guda a ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk abin da ya taɓa wurin sai komai ya tsaya cak, a nuna maka mai laifi. Kwamfutar ta ba da tarko huɗu kacal. Na ɗana ɗaya a kan lambar, na zauna ina jira kamar mai jiran ɓera. Lamba ta canza a kan idona, tarko ko motsi. Na ɗana duka huɗun don haushi. Haka dai.

Sai da na yi kwanaki ina masifa da allo kafin na gano inda gizo ke saƙa. Kowane zare da nasa tarkunan. Na ɗana wa mai duba zafi, shi kuwa mai juya ƙwai sabo ake haifarsa kowane zagaye, ya zo hannu wofi, ba tarko ko ɗaya a tare da shi. Sai na umarci dibaga ta tare kowane zare tun daga haihuwa, ta ɗana masa.

Ana ruwan sama da hantsi tarkon ya kama. Komai ya tsaya, ƙwan lantarkin a kashe. Na durƙusa ina karatu, daɗi ya cika ni, ga ɓarawo a hannu. Gwaggo ta sa tafin hannu a jikin akwatin.

"Yana hucewa."

"Gwaggo, ki ɗan ba ni lokaci. In na sake shi yanzu, shaidar ta tafi."

"Shaidarki ba ta ƙyanƙyasa. Kunna mini wuta."

Da gaskiyarta, ni ma da tawa. Muka raba aiki: ta ɗora bargonta a kan akwatin ta kwanta a kai da ƙirjinta, tana ƙunƙuni da yarenta na Kambarci, ni kuma na bi layukan firogiram ɗin da gudu. Ashe mai juya ƙwai ne ke rubuta inda faranti ya tsaya, ya zarce gurbinsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta da taki ɗaya ya taka lambar zafin maƙwabcinsa. Na gyara, sannan na bi zaren ɗaya bayan ɗaya na kwance tarkunan, don in aka manta da guda zai iya tsayar da komai ranar da ba kowa a ɗakin. Na saki firogiram ɗin, ƙwan lantarkin ya kama. Gwaggo ta miƙe tana gyara ɗankwali, ta ce kaza dai ba ta taɓa neman a kwanta mata a kai ba.

Sauran kwanakin na yi su cikin tsoro, ban san ko sanyin ya riga ya yi ɓarna ba. Ranar da ake sa ran ƙyanƙyasa ta zo ta wuce shiru. Gwaggo ta daina tsokanata, wannan ya fi komai damuna.

Washegari na dawo daga makaranta na same ta a durƙushe, kunnenta manne da katakon. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Rufe taga, ruwan nan ya cika ƙara," ta ce a hankali. "Zo ki sa kunne nan. Suna magana a ciki."