Ƙwaron Dogara Kumai

Dogara Kumai mijin yayata Afiniki ne, saboda haka al'ada ta ba ni damar tsokanarsa, kuma ban bar damar nan ta yi tsatsa ba. Ina ce masa mijina, yana ce mini amarya, muna gaisawa da baƙar magana. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tsaron ƙofar jirgi a Kafanchan, daidai inda titin mota ya ƙetare layin dogo. Kayan aikinsa jar tuta, koriyar tuta, usur, da wata hular kaki wadda ko a coci sai Fada ya harare shi kafin ya cire. Direbobi sun san shi, kuma ba da alheri ba, domin yakan rufe ƙofa tun jirgi yana can yana shan ruwa a wata tasha. Su yi ta matsa hon, shi kuwa yana tsaye yana tauna busasshiyar citta, ko a jikinsa.

Abu ɗaya ne yake cinsa a rai: suna. 'Ya'yansa huɗu, duka mata, Lucia, Martina, Hellen da Bernice. Yana son su, wannan ba na musu, amma kullum sai ya ce za su tafi su ɗauki sunan wasu, shi kuma ranar da aka rufe shi an rufe Kumai. Ya yi ta neman inda zai liƙa sunan nan. Da ake ginin cocinmu babu wanda ya kai shi ɗaukar dutse, amma da aka zo rubuta sunayen ma'aikata a allo, wuri ya ƙare kafin a zo kansa. Wata shekara jarida ta ɗauki hoton jirgin manyan baƙi yana wucewa, gwiwar hannunsa da rabin tuta suka fito a gefe. Ya yanke hoton ya ajiye, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa gwiwar.

A ƙarshen shekarar 1974, wata Talata, ya tsare motoci kamar yadda ya saba. Wani mutum mai tabarau ya gaji da zama, ya fito daga Landiroba yana tari. Dogara, da yake mai kulle mutane ne amma ba marowaci ba, ya zaro citta daga aljihu ya ɓalla masa. Daga cikin ɓarin sai ga wani ɗan ƙwaro ya fito yana tafiya a tafin hannunsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Dogara ya ɗaga babban yatsa zai murje shi, mutumin ya cafke hannunsa kamar ya kama ɓarawo a kasuwa.

"Kada ka taɓa shi, Malam!"

Sunansa Dokta Lawal, malami ne a wata jami'a, kuma aikinsa duka a duniya shi ne ƙwari. Ya fito da gilashi mai ƙara girman abu, ya duƙa a kan hannun Dogara. Jirgi ya zo ya wuce, ƙofa tana rufe, motoci suna ihu, mutum biyu suna kallon ƙwaro. Dokta ya jefa shi a kwalba mai ruwan magani, ya tambayi inda cittar ta fito. Dogara ya ce daga rumbunsa, a gidansa can bayan gari.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo da Turanci. Lucia tana gida a lokacin, ta gama makarantar horon malamai, Turanci a bakinta kamar ruwa. Amma Dogara ba zai ba yarinya wasiƙar jami'a ba. Ya kai wa wani tsohon akawu a tasha, wanda ya karanta masa yana sauri zai je cin abinci. Dogara ya fito da abu uku: an duba littattafai har na ƙasar Turawa ba a sami irin ƙwaron ba, za a raɗa masa suna da sunan wanda ya samo shi a harshen Latin, kuma Dokta zai zo ranar Asabar ta ƙarshen wata da kyamara. Akwai layi na huɗu, an ja masa layi biyu a ƙasa, cewa kada kowa ya taɓa rumbun kafin ya iso. Ko akawun ne ya tsallake shi, ko kunnen Dogara ne ya cika da Latin, har yau ban sani ba. Ya ninke wasiƙar ya cusa a hula.

Latin ɗin nan ne ya ƙarasa shi. Harshen da ya taso yana jin ana yin addu'ar Mas da shi a coci! Ya je ya tambayi Fada ko ana iya sa sunan mutumin kirki a kan ƙwaro. Fada ya ce Ubangiji ne ya halicci ƙwaro, kuma Adamu ma aikinsa na fari raɗa wa halittu suna ne. Daga ranar tafiyar Dogara ta canja. Ya sayi nektayi a gwanjo yana ɗaurawa a kan kaki. Idan direba ya zage shi sai ya ce, "Ka yi ta magana, sunanka a lasin kawai yake." Ni kuwa na ce masa, "Mijina, wasu ana sa sunansu a titi, kai a abin da kaza ke ci." Ya ce, "Amarya, kishi ne yana damunki."

Ga matarsa kuwa umarni ɗaya ya bayar. "Maman Lucia, babban baƙo za ya zo ya duba rumbu, da hoto. A gyara gida. Kada a kunyata ni."

To, sai an san Afiniki. Ita ce shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu, kuma mace ce da take share tsakar gida har ƙasa ta yi ƙasa da ƙofar ɗaki. A wurinmu idan baƙo zai zo, gyara gida yana nufin komai, har bayan murhu. A ce mai digiri zai leƙa rumbunta, da kyamara, ya ga yanar gizo da garin citta da ƙwari suka ci? Gara ta bar garin. Ta san ƙwaro ake zuwa gani, duk mun sani. Amma wa ya taɓa jin ƙwaro ya ƙare? Tun kakanninmu ake kashe su suna dawowa. Mun ɗauka za mu rage su ne kawai su yi daidai da mutunci.

Ranar Alhamis, Dogara yana bakin aiki, matan Zumunta goma sha biyu suka iso da tsintsiya da waƙa. Muka ɗage jinkar rumbu, muka kwashe cittar kaf, muka baza a kan falalen dutse rana ta gasa ta. Ƙwarin suka fito suna gudu, kajin gidan suka yi biki. Muka share ciki, muka yaɓe da sabuwar ƙasa da toka. Ni da hannuna na kawo barkono kwano guda, aka turara har maƙwabta suka fita da tari. Ranar Juma'a Gregory duba-gari ya ji labari, ya zo da famfon feshi a baya, ya ce ba zai yiwu baƙon jami'a ya zo garin da yake aiki ya ga ƙazanta ba. Ya feshe rumbu, ya feshe citta, ya feshe katanga, kyauta, don darajar Kafanchan. Da Dogara ya dawo ya ga rumbu yana sheƙi, ya zagaya shi sau biyu, ya ce wa matarsa ta fita kunyarsa.

Asabar Dokta Lawal ya iso da rariya da kwalabe jere a akwati. Aka tarye shi da ganguna. Da yake Musulmi ne, tun da safe an kira Abdu mahauci ya yanka kaji uku don ya ci da kwanciyar rai, aka haɗa da tuwon acca. Ya ci ya yaba. Daga baya na yi tunani, iyakar kusantar da ya yi da ƙwarinsa ke nan a tafiyar.

Ya hau tsani ya leƙa rumbu. Ya yi atishawa sau uku. Ya daɗe kansa yana ciki, har mai ganga ya daina kaɗawa. Da ya sauko ya cire tabarau ya goge, ya tambaya a hankali ko wasiƙarsa ta iso. Dogara ya zaro ta daga hula da alfahari. Lucia ta miƙa hannu ta karɓa, karo na farko, ta karanta layin nan na huɗu da ƙarfi, ta mayar da Hausa. Ban taɓa jin mata goma sha biyu sun yi shiru lokaci ɗaya ba sai ranar.

Kwana biyu Dokta ya yi yana tankaɗe garin citta a kan farin zane. Ya shiga rumbunan maƙwabta, ya samo ƙwari kala-kala, duk sanannu ne. Irin na Dogara ko ƙafa. Da zai tafi ya zaunar da Dogara ya yi masa bayani: wadda take kwalba mace ce, kuma a wannan dangin ƙwari a jikin namiji ake ganin alamar da ke raba wani iri da wani. Idan ba namiji, manyan masana ba lalle su yarda ba.

"Namiji nake nema, Malam Dogara, ko guda ɗaya."

Dogara ya dube shi ya ce, "Dokta, ni ma shekara ashirin ina nema."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Bai yi faɗa da kowa ba, abin da ya fi zafi ke nan. Ya cire nektayi ya rataye a ƙusa, ya koma bakin ƙofarsa, har ya fara buɗe wa motoci da wuri. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji kunyar barkonona.

Abin da Afiniki ta yi kuwa shi ne na fi tunawa. Ta ajiye tsintsiya. Daga ranar ba ta sake share rumbun nan ba, ba ta turara ba, ba ta bar kaza ta matsa kusa ba. Kowace kaka ta zuba sabuwar citta a kan tsohuwa ta rufe. Rumbu ya yi gansakuka, ya yi wari, ɓeraye suka tare da iyalansu. Matan Zumunta, waɗanda da hannunsu aka yi ɓarnar, suka fara cewa shugabarsu ta zama ƙazama, a zaɓe na gaba suka sauke ta. Na ce, "Yaya, ki bari in share ko bakin ƙofa." Ta ce, "Emilia, ki taɓa ki gani. Ni ne na kore su, ni ne zan jira su."

Ƙwari kam sun zo, har da waɗanda ba mu san da su ba. Dogara yana tsince su a kwalin ashana yana ba gadin jirgi ya kai wa Dokta. Amsa kullum ɗaya ce, cikin ladabi: wannan an san shi, wannan ma an san shi, wannan kyankyaso ne ƙarami. Shekara huɗu ana haka.

A damina ta 1979 babban ambulan ya zo. Dogara bai nufi tasha da shi ba. Ya jira har Lahadi, da Lucia ta zo daga Godogodo inda take koyarwa, ya miƙa mata. Muna zaune a tsakar gida. Takarda ce bugaggiya, shafi uku, da zanen ƙwaron an ƙara shi ya kai girman kunkuru. Dokta Lawal ya gaji da jira, ya rubuta bayanin da abin da yake hannunsa, masana kuma suka karɓa. Lucia tana karantawa tana fassarawa: launinsa ja-ja mai duhu, da ɗigo biyu rawaya a fikafikai, ƙahonnin kansa gaɓa goma sha ɗaya, uku na ƙarshe sun fi kauri, da ƙananan gashi a ƙafafun baya. An same shi a cikin busasshiyar citta, a aljihun D. Kumai, mai tsaron ƙofar jirgi a Kafanchan. Ta ɗora yatsa a saman shafi ta nuna masa. Ga Kumai nan, da ɗan wutsiyar Latin a ƙarshe, a bugun inji, ba gwiwar hannu ba.

Dogara ya sa aka maimaita sau uku. Sannan ya ce, "To sun sami namijin a ina?"

Lucia ta duba ƙasan shafi. "Ba su samu ba, Baba. An ce namiji ba a san shi ba. Mace ɗaya tilo ce, ita ce aka raɗa wa sunan."

"Mace ne ya ɗauki sunan?"

Afiniki, ba tare da ta ɗago daga waken da take tsincewa ba, ta ce, "To Baban Lucia, sun zama biyar."

Na shirya tsokana, amma da na ga fuskarsa na haɗiye. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya dubi 'yarsa da take riƙe da takardar. Ya cire hula, ya zaro tsohuwar wasiƙar nan da ta yi baƙi da gumi, ya ɗora mata a cinya.

"Da ke na ba wannan tun farko," in ji shi. "Ki ajiye duka biyu a wurinki."

Afiniki ta ture tiren wake, ta shiga ɗaki, ta fito da tsintsiya sabuwa fil, wadda ashe ta daɗe da saye ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ta tsaya a gabansa.

"Yanzu zan iya share rumbuna?"

Dogara ya miƙe, ya je ya ɗauko tsani da kansa, ya riƙe mata.