Malam Falalu Gidaɗo da Kalmar da Na Yi wa Mummunar Fahimta

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2017, ina wurin aiki a Birmingham aka kira ni daga Manchester, aka ce Allah Ya yi wa Malam Falalu Gidaɗo rasuwa bayan jinyar mako uku. Ya bar duniya yana da shekara sittin da bakwai, ya bar matarsa Hajiya Murja da 'ya'ya huɗu.

Malam, injiniyan gine-gine ne kai, amma 'yan Arewan unguwannin Longsight da Levenshulme na Manchester da darasin Asabar suka san ka. Kyauta kake yin sa a wani ɗaki na laburaren unguwa, kan zamanin da Turawa ke kira Renaissance, lokacin da mutanen Italiya suka koma ga tsofaffin littattafai, zane da gini da ilimi suka sake bunƙasa. Wani ya taɓa fassara sunan da “sake haihuwa”, ka ƙi yarda. Ka ce ilimi bai mutu ba, suma ya yi, don haka farfaɗowa ce. Ka ƙara da cewa cikin waɗanda suka yayyafa masa ruwa har da malaman Bagadaza da Andalus, da suka fassara littattafan Girkawa suka yi musu sharhi.

Ba ka taɓa ganin wani ya yi ƙanƙanta ko ya tsufa da koyo ba. Likitoci da matan aure da ɗalibai, haka kake fito da mu bakin titi cikin yayyafi, ka nuna mana yadda layin rufin gidaje ke matsewa har ya haɗu a wuri ɗaya can nesa, ka ce abin da masu zanen birnin Florence na Italiya suka ƙware a kai ke nan. In kuwa ka kama zancen ƙubbar babban cocin garin, sai mutum ya rantse kawunka ne ya gina ta. Mukan tsokane ka da haka, kana dariya kana ci gaba.

Amma ba da yabo kaɗai na zo ba. A 2013 ina sabon zuwa karatu, ga zafin kai, na ga sanarwar darasinka a manne, an rubuta Humanism. Na bincika a waya, na tarar da wata ƙungiya ta waɗanda ba su yarda da Allah ba. Ban tambaye ka ba. Na ɗauki hoton takardar na tura wa zauren 'yan Arewa na waya, na rubuta cewa a kula da 'ya'ya. Cikin mako biyu ajin mutum talatin ya koma huɗu, wasu suka daina amsa maka sallama da sakin fuska. A shekarar kuma tsuke bakin aljihun gwamnati ya ci ɗakin da kake darasi, sai ka mayar da ajin falonka.

Can na same ka, da niyyar in kama ka dumu-dumu. Ka ba ni shayi, ka bayyana mini cewa mutanen wancan zamani galibinsu masu addini ne, abin da suke nufi da kalmar shi ne karatun nahawu da balaga da tarihi da waƙa da kyawun hali, don mutum ya cika mutum. Ka ce, “Mutuntaka ke nan, Sunusi. Akwai mai faɗa da ita a Kano?” Da aka kira la'asar kai ka ja mu salla. Kunya ta rufe ni, amma ban faɗa maka cewa ni na tura hoton ba.

Shekara uku na yi a falon nan. Kai ka karanta kundin digirina layi-layi. Da na koma unguwar Handsworth a Birmingham ka hau mota takanas don ka ga inda nake kwana. Kullum ina cewa zan faɗa maka, kullum ina ɗagawa. Tsoron rasa ka ne ya hana ni.

A zaman makoki na ji wani yana tambaya ƙasa-ƙasa ko ka cika da kalma. Na tashi na shiga wurin Hajiya, na faɗa mata komai ina kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ai ya sani, Sunusi. Ranar da ka tura aka nuna masa, da sunanka. Shi ya ce kar wanda ya gaya maka, kar kunya ta hana ka zuwa aji.”

Don haka jama'a ku shaida. Duk wanda ya taɓa jin wata magana kan imanin Malam Falalu, daga hannuna ta fito, kuma jahilcina ne. Hajiya ta tabbatar cewa da kalmar shahada ya cika. Wanda ya taɓa yaɗa waccan, ina roƙonsa ya yaɗa wannan.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Falalu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Hajiya Murja da 'ya'ya da dangi na nan da na gida, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Malam, ashe ka yafe mini tun kafin in roƙa. Allah Ya yi maka yadda ka yi mini.