Ƙyashin da Na Yi wa Direban Kayan Gwari a Riyadh

Mun tashi daga Katsina ana idar da sallar asuba, ni da abokan tafiyata biyu, wata malamar jinya da wani mai gwajin jini a asibitinmu. Mun karya da ƙosai a Bichi, muka isa filin jirgi na Kano da hantsi. Daga nan sai Jidda, muka sake wani jirgin zuwa Riyadh.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin asibiti ne, shekarata goma sha shida ina aikin lafiya a unguwanni. Duk masu binciken da suka zo garinmu, daga Abuja ko daga Turai, ni ake haɗa su da shi. Ni ne tafinta, ni ke lallashin masu gida a buɗe mana ƙofa, ni ke cike takardun tambayoyi. In sun koma sun wallafa, sai ka ga layi ɗaya a ƙarshe wai ana godiya ga ma'aikatan yankin. Sunana bai taɓa fitowa ba.

Wadda ta gayyace mu kuwa a hannuna ta yi koyon aiki, ni na nuna mata yadda ake ɗaura abin awon hawan jini. Ta tafi ƙarin karatu, yanzu Dakta ce a wata jami'a a Riyadh. Ta samo tallafi don a horar da Hausawa ma'aikata da ke can su binciki hawan jini da ciwon suga a tsakanin 'yan'uwansu, ta ce mu zo mu koyar na kwana goma.

Da kanta ta zo ɗaukarmu, ita ke tuƙi. Ta rusuna ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta ce, “Malam, sannu da hanya, ya Hajiya da yara?” Na amsa da fara'a, amma idona yana kan sitiyarin. A raina na ce yarinyar da ke rawar hannu in za ta yi allura ce yau ta ɗauko ni a mota mai sanyi. Tun daga nan abin ya fara, ban dai ba shi suna ba tukuna.

Titunan Riyadh faɗi gare su, layi huɗu, layi biyar, kowa yana gudu kamar an biyo shi. An sauke mu a Murabba, kusa da gidan tarihi. Da safe mukan ci tamis, wato wata faffaɗar gurasa, da dafaffen wake mai man zaitun. Da rana kuma kabsa, shinkafa da kaza a faranti ɗaya. Mai gwajin jininmu ya ji kuɗin kofin shayi a riyal, ya juya shi zuwa naira, daga ranar ya ce likita ya hana shi shayi.

A Suwaidi ake horon, a wani ɗaki saman shaguna. Ɗaliban su goma sha biyu ne. Akwai direbobi, akwai magina, da mata biyu masu aikatau a gidaje. Yawancinsu mutanen Maraɗi da Damagaram ne, sai 'yan Najeriya kaɗan. An ba kowa na'urar awo da waya babba ta shigar da bayanai. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya soke ni shi ne jawabin Dakta na ranar farko. Ta ce su za su tsara tambayoyin, su za su zauna a duba abin da aka samo, kuma in an wallafa, sunan kowannensu zai fito a sama cikin marubuta.

Na ce, “Dakta, a sama kika ce?”

Ta ce, “A sama, Malam.”

Na yi murmushi na sha ruwa.

Cikinsu akwai wani Isuhu, mutumin wani ƙauye a jihar Maraɗi. Motar ɗaukar kayan gwari yake ja daga kasuwar Aziziya zuwa shaguna, shekararsa tara a Riyadh. Bokonsa bai wuce firamare ba. Rana ta uku ina koya masu yadda ake fara tambaya, na rubuta a allo: Kana da wata rashin lafiya da ka sani? Sai ya ɗaga hannu.

“Malam, a yi mani afuwa. Wagga tambaya ba wanda zai amsa ta nan.”

Na ce masa tun yana koyon tuƙi nake yin wannan tambayar, kuma a gaban manyan masana na yi ta. Na ƙara da cewa bincike ba lodin tumatir ba ne. Ya ce, “To, Malam,” ya sunkuyar da kai. Malamar jinyarmu ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Rana ta biyar muka fita gwaji kasuwar Aziziya da sassafe. Ban taɓa ganin kayan lambu masu yawa haka wuri ɗaya ba. Kwandunan tumatir, buhunan albasa, kankana jibge kamar duwatsu, masu turin kaya suna ta ihun yalla yalla, wato a yi sauri. Hausa kuwa ko ta ina. Na ji daɗi, na ce nan ai gida ne. Tsakanin Katsina da Maraɗi me ya raba in ba shingen kan iyaka ba?

Ni aka ce in fara, ɗalibai su kalla. Na sami masu dako suna hutawa bayan wata mota, muka gaisa, har wani ya tambaye ni labarin ruwan bana. Ina fito da abin awo da waya sai fuskoki suka canja. Na yi tambayata. Na farko ya ce lafiyarsa lau, alhamdu lillahi. Na biyu ma haka. Na uku ya ce mudir na kiransa, wato shugaban wurin aikinsu, ya tashi. Kafin in ankara saura ni da kwandon albasa. Shekara goma sha shida ina buɗe wa baƙi ƙofa, yau ga ni ni ne baƙon da ake rufe wa.

Dakta ta ce Isuhu ya gwada. Bai fito da waya ba ma. Ya sayo shayi, ya zauna kan kwali, ya naɗe hannun rigarsa ya ɗaura abin awon a nasa dantsen. Ya faɗi abin da ya nuna da ƙarfi, ya ce ga shi shi ma nasa ya ɗan hau. Sannan ya ce masu ba a rubuta suna, ba a rubuta lambar iƙama, wato katin zama, kuma ba abin da zai kai kunnen kafili, mutumin da zaman kowa ke hannunsa. Sai a nan ya fito da wayar ya miƙa masu su duba da kansu. Tambayarsa ta farko ita ce, “Da wane lokaci kai ka yi maku nauyi, da safe ko in rana ta take?”

Sai ga mutane suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, har layi. A nan na gane abin da ya so faɗa mani a aji. Mutumin da ya bar iyali ya zo nema, in ya ce ba shi da lafiya, tsoronsa kada a ƙi sabunta masa zama a sa shi a jirgi. Ni da nake da tikitin komawa a aljihu ban san wannan tsoron ba.

Ana cikin haka Isuhu ya kira ni. “Malam, zo ka ga wanga.” Wani dattijo ne ɗan Damagaram, mai dako. Na sake auna shi sau biyu, jinin ya hau matuƙa. Ya ce wata uku ke nan ƙeyarsa na sara, idonsa na yin duhu, yana karɓar ƙwaya wurin abokin ɗakinsa. Na ce masa, “Baba, yau ɗin nan sai asibiti, ba gobe ba.” Ya girgiza kai ya jawo kurarsa ta turin kaya zai tafi.

Isuhu ya riƙe kurar. Ya ce, “Baba, ɗiyanka nawa gida?” Ya ce bakwai. “To in ka faɗi nan cikin albasa, wa zai aika masu? Kana da katin inshora, don irin haka aka yi shi. Ni ma magani nake sha, ga ni ina tuƙi, ba wanda ya kore ni. Taho in kai ka.”

Dattijon ya bi shi. Na shiga motar tare da su, warin tumatir ya cika gaban. An duba dattijon, an ba shi magani, an sa masa ranar dawowa. Da muka fito ya kama hannun Isuhu da hannu biyu yana ta sa masa albarka, yana ce masa likita. Ni kuwa ya ɗaga mani hannu ya ce, “Sannu, baƙo.” Wallahi na yi farin ciki da aka ceto shi, amma ba zan ɓoye maku ba, kalmar likitan nan ta tsaya mani a rai har la'asar.

Da muka koma Suwaidi na sami Dakta ita kaɗai tana jera kujeru. Na ce mata ta yi sa'a, ta zo a zamanin da direba ke zama marubuci cikin kwana goma. Ta ajiye kujerar ta dube ni.

“Malam, ina gani da idona lokacin da ake yi maka abin nan, ana wallafawa ba sunanka. Shi ne nake ƙoƙarin kada a yi masu.”

Na ce, “To ni wa zai mayar mani da shekaruna?”

Ta ce, “Babu, Malam.”

Na so a ce ta yi gardama, da na sami inda zan sauke fushina.

Ranar rufewa ɗalibai suka gabatar da abin da suka fara ganowa. Isuhu ya miƙe da farar jallabiya, takarda a hannunsa, ya yi bayanin yadda tsoron kafili ke hana mutane zuwa asibiti, da yadda masu dako ke cin abinci sau ɗaya mai gishiri da yawa. Malaman jami'a biyu suna rubutawa, ana fassara masu. Na tafa tare da kowa. Bayan an tashi na same shi a bakin matakala, na ce ya yafe mani maganar lodin tumatir, na kuma faɗa masa gaskiya cewa ƙyashinsa nake yi.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Ni, Malam? Da za a ba ni zaɓi tsakanin sunan nan da jirgin da za ka hau gobe, wallahi jirgin zan ɗauka. Autata ba ta san ni ba sai a waya.”

Mun dawo ta Jidda, muka sauka Kano da rana, muka iso Katsina kafin magariba. Dabino kawai na yi tsaraba.

Ranar Litinin na koma aiki. Akwai mata shida da ke bin gida gida a unguwannin da ke ƙarƙashin asibitinmu, suna rubuto mana masu ciki da yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Duk rahoton da nake aikawa sama daga takardunsu nake haɗa shi, sunana kaɗai ke jiki. Babbarsu ta shigo ta ajiye nata a tebur. Shekara takwas muna aiki tare, Inna kawai nake ce mata. Na ɗauki biro na ce ta faɗa mani cikakken sunanta da na mahaifinta.

Ta dafe ƙirji ta ce, “Malam, wani laifi na yi?”

Ƙyashin Isuhu bai sake ni ba har yau, ba zan yi maku ƙarya ba. Abin da tafiyar ta nuna mani shi ne na daɗe ina kallon waɗanda suka tsallake ni, ban taɓa waiwayawa na ga waɗanda ni na tsallake ba. Na ce wa Inna ba laifi, sunayensu zan sa a rahoto, ta zauna, ta kira mani sauran biyar ɗin.