Layin da Baba Isaka ya mayar sama

Baba Isaka ya rasu. Ɗiyarsa Fati ce ta kira ni yau da safe, ina tsaye wajen mai koko a Mamobi. Na bar kokon a kan benci na tafi.

Ga wanda bai san shi ba: shi ne dattijon da ke kula da kwamfutocin ɗakin karatun unguwarmu. Wanda kuke kira "mai toshe intanet". E, ku. Na ga har kun fara ɗora hotonsa kuna rubuta "babanmu". Chale, 'yan'uwa, ku ji kunya.

Ni ban gama sakandare ba. Gudun rana ne ya fara shigar da ni ɗakin nan, don akwai fanka. Bai kore ni ba. Ya miƙo mini wani tsohon littafin netwok da bangonsa ya yage, ya ce, "In ka gama, ka zo ka gaya mini inda marubucin ya yi ƙarya." Wata uku ina fama da shi. Kullum sai ya raba wakensa da shinkafa biyu, ya turo mini rabi, ko kallona ba ya yi.

Akwai wata babbar kwamfuta, wato saba, a ƙarƙashin teburinsa, furoksi ake ce mata. Duk shafin da ka nema a ɗakin, sai ya bi ta cikinta, kai ba ka ma san tana nan ba. Ita ke cewa wannan ya wuce, wannan ya tsaya. Dokokinta a jere suke, layi bayan layi. Daga sama take karantawa, kuma layin farko da ya dace da kai shi ne hukuncinka. Ba ta duba na ƙasa.

Baba yana da wata al'ada. Ba ya rubuta doka sai ya sa bayani a samanta: wa ya nema, kuma don me. "Iyayen yara, saboda caca." "Malamar lissafi, don bidiyon darasi." Ya ce kada wani ya zo bayansa ya tarar da ƙofa a kulle bai san dalili ba. Fasuwod kuwa, shekara huɗu ina tare da shi bai taɓa ba ni ba.

Ranar Laraba ɗalibai suka cika ɗakin. Rajistar jarrabawa ce, kuma yau Juma'a ake rufewa. Fom yana buɗewa, amma da an zo ɗora hoto sai shafin ya tsaya cak. Tun safe ake abu ɗaya. Wata yarinya har da kuka.

Baba ya ce ai ya riga ya ba shafin izini, matsalar daga kamfanin netwok take. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga saba tana rubuta an hana, an hana, an hana. Da ya buɗe dokokin sai na gane. Akwai tsohuwar dokarsa da ke toshe wuraren ɗora hotuna, tana can sama. Shi kuma ya sa sabon izinin a ƙarƙashinta. Saba ba ta ma isa wurinsa.

Na ce, "Baba, layinka yana ƙasa. Mayar da shi sama."

Ya ce, "Awudu, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya." Ya ɗora yatsa a kan sikirin, ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilas, yana karantawa a hankali.

Na san ciwon suga ya ci masa ido. Na sani sarai. Duk da haka, a gaban yaran nan, kamar ina magana da sa'ana, na ce, "Massa, idonka ya mutu. In ba ka iya ba, ka tashi ka ba mutane wuri."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To, na ji."

Na fita na buga ƙofa.

Wannan ita ce maganata ta ƙarshe da shi. Ranar Alhamis ya kira ni sau biyu. Ina kallon wayar tana ƙara, ina cewa bari tsoho ya ji a jikinsa, gobe na je.

Ga goben nan.

Da na isa gidansu a Nima ɗazu, Fati ta ce jiya da la'asar ya faɗi a bakin titi yana jiran turoturo, motar haya, kuma bai farfaɗo ba. Ta ba ni wata takarda a naɗe, ta ce, "Tun shekaranjiya ya ce in ba ka in ka zo. Ka ƙi zuwa." Fasuwod ne.

Na ruga ɗakin karatu, ina tunanin yaran da za su rasa rajista saboda bakina. Na tarar da su a zaune, hotuna suna hawa lafiya lau. Na shiga saba na buɗe dokokin. Ya mayar da layin sama. A kansa ya rubuta bayani, da kurakuran bugu irin na wanda ba ya ganin haruffa sosai:

"Awudu ne ya gano, saboda rajistar yara. Gaskiyarsa ce."

Bai rubuta abin da na ce masa ba. Ya bar ni da shi.

Ban sani ba ko ya yafe mini, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Kada kowa ya zo kwament yana ba ni haƙuri, ba shi nake nema ba.

Za a yi jana'iza bayan sallar Juma'a. Ya Allah, Ka gafarta wa Baba Isaka, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a Aljanna. Duk wanda ya taɓa cika fom a ɗakin nan, ya tsaya ya yi masa addu'a. In kun gama tasa, ku roƙa mini Allah Ya sa abin da ya kira zai gaya mini jiya, yafiya ce.